Dubulan Ɗin Marigayiya Babette

Ni dai tun tasowata ban taɓa ganin gidan mutunci ya yi biki da dubulan ɗin kanti ba. A ƙauyenmu in za ka aurar da 'ya, ranar Alhamis ta makon biki sai an bi gida gida da ƙunshi, kowane gida dunƙule uku a cikin farin ƙyalle, an barbaɗe su da garin sukari sun yi fari fat, shi ya sa ma muke kiransu dunƙulen ƙanƙara. Gidan da aka kai wa ya san ana yi da shi. Gidan da aka tsallake shi ma ya san matsayinsa. Kuma babu tsohuwar da za ta ciji guda ba ta gaya maka hannun da ya soya shi ba.

Shekara arba'in da takwas da na matata Babette ake kwatance, daga nan har gaɓar kogin Tauber. Bara da kaka Allah Ya karɓi abarsa. Bana kuma jikata Rike za ta yi aure.

Ranar Lahadi, saura kwana shida biki, mun dawo daga coci muna cin gasasshen nama da curin dankali, sai surukata Marlies, matar ɗana Reinhold, ta ajiye cokali.

"Baba, na yi magana da wani gidan burodi a garin Rothenburg. In na kira su Laraba da safe, Alhamis za su kawo mana a kwali. Har da masu cakulan."

"Masu me?"

"Cakulan, Baba. Su ake yayi yanzu."

"Waɗannan da ake jibga wa 'yan yawon buɗe ido, su ciza sau ɗaya su ɗauki hoto su jefa a kwandon shara? Su za a kai gidajen mutane da sunana, ni Leonhard?"

Reinhold bai ɗago kai daga farantinsa ba. Haka yake tun yana yaro, da an fara magana mai nauyi sai dankali ya zame masa abin nazari.

"To wa zai soya?" in ji Marlies. "Ni dai ban iya ba. Mama ba ta taɓa barina na wuce fasa ƙwai ba."

Na ce, "Ni."

Rike ta yi dariya har ta ƙware, sai da uwarta ta bubbuga mata baya. "Kaka, kai da ko kofi ka dafa sai ya ƙone?"

"Ni da na ciro maruƙa sama da ɗari biyu da hannun nan, fulawa ce za ta gagare ni?"

Marlies ta dube ni ta daɗe, kamar akwai abin da take son faɗa, sannan ta haɗiye. Ta ce ta ba ni zuwa yammacin Talata. In ba ta ga abin da za a iya sa wa a farin ƙyalle ba, Laraba da safe za ta buga musu waya.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma da yamma na tafi teburin dattawa a mashayar ƙauye, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa dubulan ɗin kwali ba zai fita ta ƙofata ba, a kicin ɗin Babette za a soya, kuma ni zan soya. Eberhard, tsohon mai raba wasiƙu, wanda bai taɓa riƙe bakinsa ba tun muna firamare, ya ce,

"Kai kaɗai?"

"Ni da wa kuma?"

"A'a, tambaya ce kawai," in ji shi, ya tura hancinsa cikin kofin giya. Sauran suka shiga kallon rufi. A lokacin na ɗauka hassada ce.

A nan ya kamata in faɗi wani abu. Shekara arba'in da takwas ina cin abin nan, ban taɓa ganin yadda ake yinsa ba. A wurinmu ranar suya namiji ba ya zama a gida. Ana rufe ƙofar kicin, don iska ba ta shiri da kwaɓi, maza kuma su nufi daji saran itace sai rana ta faɗi. Haka ubana ya yi, haka na yi, kuma babu wanda ya kai ni tsananin riƙon al'adar nan. Tun da asuba nake tasa Reinhold gaba, ko da mura yake. Mu dawo mu tarar da kwanduna cike, gida yana ƙamshin man shanu, Babette ta miƙe ƙafa a benci. Iyakar sanina ke nan.

Da na dawo gida na zauna na rubuta gidajen da za a kai wa. Gida talatin da takwas ne a ƙauyen. Na rubuta talatin da bakwai, kamar yadda nake yi shekara goma sha ɗaya. Na talatin da takwas shi ne wanda ke jingine da lambuna ta baya, gidan Ottilie, ƙanwar Babette. Akwai wani itacen tuffa da ubansu ya shuka a kan iyaka, yana yi wa dankalina inuwa, na sare shi. Ta kira ni da sunan da ba zan rubuta ba a gaban mutane, ni kuma na ce ƙafarta ba za ta sake taka gidana ba. Tun daga ranar ko gaisuwa. A wurin binne Babette ita tana wancan gefen kabari, ni ina wannan.

Litinin da safe na ɗauko littafin girkin marigayiya daga saman kabad, wani tsohon littafi mai baƙin bango da ya sha maiƙo har ya kumbura. Na sa tabarau. Ga shi nan da rubutunta: kowane ƙwai guda, rabin ɓawonsa na kindirmo mai kauri, rabin ɓawo na narkakken man shanu, cokalin sukari, ɗan gishiri, ɗan kurɓin barasar 'ya'yan itace. Fulawa kuma, wai "iya abin da ya sha."

Iya abin da ya sha! Wannan awo ne? Da haka nake auna wa shanu dusa da tuni sun mutu. Na zuba ya yi ruwa, na ƙara ya yi tauri, na ƙara kindirmo ya koma ruwa. Kafin in samu abin da ya tsaya a hannu kwano ya cika, na koma babbar roba. Barasar kuwa na zuba wa kwaɓi nasa, na kurɓi nawa, don haƙurina ya fara ƙarewa.

Littafin ya ce a bar shi ya huta, a murza shi falle-falle kamar faɗin faranti, har sai ana iya ganin zanen tebur ta cikinsa. Daga nan shafi ya ƙare. Na juya na ga miyar kabeji. Na ce ba komai, sauran ai hankali ne. Na san kamannin abin, zirin kwaɓi ne a cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Na kuma san ƙarfen suyar, yana rataye a ɗakin ƙasa, kamar 'yan rariya biyu da aka haɗa bakinsu, da dogon mariƙi.

Na narka man shanu cike da tukunya. Na yanka kwaɓin ziri-ziri da wuƙa, na tattara na cusa a ƙarfen na rufe, na tsoma. Ya yi ƙara, ya yi kumfa, raina ya yi fari. Da na ciro na buɗe sai abin ya ƙi fita. Ya manne wa ƙarfen ta ko'ina. Na girgiza, na buga a bakin tebur, na sa wuƙa. Abin da ya faɗo a ƙarshe ɓarɓashi ne da wani baƙin curi. Na biyu ya fita, amma da na jefa shi a faranti sai farantin ya tsage. Na uku waje ya ƙone, ciki ɗanye sharaf. Kafin na huɗu kicin ya turnuƙe, 'yar na'urar hayaƙin nan da Reinhold ya maƙala a rufi ta fara ihu kamar ana yanka alade. Na ɗauko tsintsiya na sauko da ita.

Na buɗe taga. Wa zan gani a bakin shinge? Eberhard, da karensa.

"Leonhard! In kira 'yan kwana-kwana ne, ko kuwa ƙamshin biki ne ya fara?"

"Wuce ka ba ni wuri."

"Jefo guda wa karen mana."

Na jefa, don ya tafi. Karen ya shinshina, ya dube ni, ya koma bayan ubangidansa.

Talata na tashi da niyyar gyara. Na ce jiya wuta ce ta yi yawa, na rage. Sai suka fito jiƙe da mai, kana matsawa yana tsiyaya har gwiwar hannu. Na ce to kwaɓin ne ya yi kauri, na murza har ya yage. Na daina cusawa da ƙarfi, sai zirin suka watse a cikin mai kowanne ya kama gabansa, ina bin su da ludayi kamar mai kamun kifi. Man ya fantsamo mini a babban yatsa. Ga bayana ya riƙe, don teburin nan an yi shi ne daidai tsawon Babette. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in ina murza na gaba, wanda ke cikin mai ya ƙone, in na tsaya a kan mai, wanda na murza ya bushe. Na tsaya tsakiyar kicin na ce da ƙarfi, "Ke Babette, hannu nawa gare ki ne?"

Da azahar ƙwai talatin sun tafi. Na jera abin da na samu a tire, guda tara, babu biyu masu kama da juna. Na yi musu ruwan garin sukari ko zai rufa musu asiri. Bai rufa ba.

Na koma kan littafin, na ce ba yadda za a yi mace mai tsari irin Babette ta bar girki a rabi. Na murza gefen shafin da yatsa sai na ji kaurinsa ya yi yawa. Ashe shafi biyu ne maiƙo ya manne. Na sa bakin wuƙa na raba su a hankali.

Babu sauran girkin a ciki. Layi ɗaya ne a sama: "Yanka da ɗagawa da suya, aikin Ottilie ne." A ƙasa kuma ta jera duk ranakun da aka yi suya a gidan nan. Auren Reinhold, ni da Ottilie. Baftismar Rike, ni da Ottilie. Na ce to wannan duk kafin itacen tuffa ne. Na ci gaba da bin layi da yatsa. Bikin tabbatar da imanin Rike a coci, ni da Ottilie. Cikar Leonhard shekara saba'in, ni da Ottilie. Bikin cocin ƙauye, shekara bayan shekara, har na ƙarshe kafin ta kwanta, ni da Ottilie.

Cikata shekara saba'in! Ranar da na tsaya gaban mutum sittin na ɗaga dunƙule sama na ce duk ƙasar nan babu hannu irin na matata, kuma akwai waɗanda uwa ɗaya ta haife su amma ko ruwan zafi ba su iya ba. Aka yi ta tafi. Yanzu na gane abin da ake yi wa tafin.

Ina zaune haka Marlies ta shigo. Ta dubi tire, ta dubi na'urar hayaƙi a kan kujera, ta dubi littafin a buɗe.

"Au. Ka gani."

"Ke kin sani?"

"Baba, ni ce ke buɗe mata ƙofar baya. Da kun sha kwanar daji take shigowa da nata gatarin yankan."

"Gatari?"

"'Yar tayar nan mai haƙora da ake yanka kwaɓi. Ita take kiranta haka."

"Reinhold fa?"

"Ya sani."

"Eberhard?"

"Baba, har fasto ya sani. Tsofaffin matan nan daga cizon farko suke cewa, Ottilie ba ta tsufa ba."

"Shekara goma sha ɗaya ana cin amanata a cikin gidana, ni ina daji ina saran itacen da za a hura wutar!"

"Ai kai kake cewa namiji ba ya zama ranar suya," in ji ta. Ta ɗauki guda daga tire ta ƙwanƙwasa a tebur, ta mayar. "Gobe ƙarfe takwas zan kira Rothenburg. Sai dai in kana da wata dabara."

Ta fita ta bar ni. Na zauna na auna abin. Ko dai kwalaye su fita ta ƙofata da cakulan a kai, bayan abin da na faɗa a mashaya, Eberhard ya samu abin yi mini tsiya har in shiga kabari, ko kuma in taka taku ashirin ɗin nan na bayan lambu. Na rantse da a ce wani aka ba zaɓin ya zo neman shawarata da na ce ya ƙaura.

Na wanke hannu, na sa hula. Ban bi ta lambu ba, na zagaya ta titi.

Ottilie tana tsugune a gaban gidanta tana cire ciyawa a cikin albasa. Ba ta ɗago ba.

"Tun jiya nake jin man Yayata yana ƙonewa," in ji ta, kamar da albasar take magana. "Ba ka sa ƙarfen a mai ya yi zafi ba kafin ka zuba kwaɓi, ko?"

Na gyara zaman hulata.

"Kuma ka yanka har baki, ka tsinke zirin. Ba a tsinkewa, tsoho, ana barin gefe ya riƙe su. A sa mariƙin cokalin katako a ɗaga ɗaya a bar ɗaya. Kai kuwa na san cusawa ka yi kamar mai cusa ciyawa a buhu."

"Ban zo karatu ba."

"To me ka zo yi? Akwai sauran itace ne?"

Na haɗiye wannan. Na ce, "Auren Rike Asabar ne."

"Na sani. Ni na ɗinke mata gefen rigar."

Wannan ma ban sani ba. Na fara tunanin ko akwai abin da na sani a gidan nan ban da inda ake ajiye manjagara.

Na ce, "Marlies za ta sayo na kwali."

A nan ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube ni karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Idonta irin na Babette ne sak, ban so hakan ba.

"Masu cakulan?"

"Su."

"Jikar Yayata? Ina raye?" Ta kakkaɓe hannu. "To saurara. Gobe da safe zan zo, kuma ta ƙofar gaba. Marlies ce za ta kwaɓa, lokaci ya yi da za ta wuce fasa ƙwai. Kai kuma ka bar gidan, kada in ga ko inuwarka."

"Gidana ne."

"Ranar suya ce. Ko ka daina riƙon al'ada?"

Na juya zan tafi, ta tsayar da ni.

"Sannan Alhamis, ƙunshin farko nan za a kawo shi. Da hannunka, ba aike ba. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye kan mai har idona ya yi ja, in fita ta baya kamar ɓarauniya, washegari in leƙa ta taga in ga ana wucewa da abin da na soya ana tsallake ƙofata."

Na ce, "Itacen nan dai a cikin filina yake. Mai awo ya auna."

"Wa ya tambaye ka itace? Je ka zubar da man da ka ƙona, ka wanke ƙarfen da ruwan zafi. Ban da sabulu."

Laraba da hantsi ina daji, ni da Reinhold, muna saran itacen da ba mu da buƙata. Shi kuwa ya samu gungumen da zai yi ta nazari. Da muka dawo gida yana ƙamshin da na ɗauka ya tafi tare da Babette. Kwanduna huɗu a kan tebur, kowane dunƙule kamar ɗan'uwansa, in ka ɗaga kamar ba ka ɗauki komai ba. Marlies ta miƙe ƙafa a benci, fulawa har gira. Na ɗauki guda na ciza, ya ruguje a baki. Na juya baya na dubi taga na ɗan lokaci, don garin sukari ya shiga mini ido.

Alhamis da safe na sa rigar coci na ɗauki ƙunshin farko. Ban san wanda ya yi shela ba, amma duk tagogin layin a buɗe suke, Eberhard kuma ya zaɓi wannan lokacin ya tsaya ɗaure igiyar takalmi daidai shingen Ottilie. Na ƙwanƙwasa. Ta bar ni tsaye har na sake ƙwanƙwasawa, alhali ina ganin labule yana motsi.

Ta buɗe, ta karɓa, ta kwance ƙyallen a nan bakin ƙofa. Ta ɓalli gefe ta tauna a hankali, tana lumshe ido.

"Ba laifi," in ji ta. "Wa ya soya?"

Na ce ƙasa-ƙasa, "Kin sani."

"Kunnen nan ya yi nauyi, mijin Yaya. Wa ka ce?"

"Ke."

"Wa?"

"Na ce ke kika soya! Wannan da na bara waccan da na cikata saba'in, duk ke!"

Karen Eberhard ya yi haushi. Wata tsohuwa a tagar sama ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Leonhard." Ottilie ta naɗe ƙyallen ta ce in wuce in raba sauran kafin su sha iska, kuma Asabar kada a zaunar da ita kusa da ƙofa, ba ta son sanyi.

Na wuce. Saura gida talatin da bakwai, ƙafata kuma ta riga ta fara ciwo. Itacen dai har gobe ina nan a kan bakana, a cikin filina yake.